Wa Ya Taɓa Jirgin Kawu?

Kawu ya koma ga Mahaliccinsa wata Talata da hantsi, kafin la'asar mun rufe shi mun dawo. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa sai dangana. Ina wannan rubutu ne don kada nan gaba jikokinsa, waɗanda Hausa ta fi zama a kunnensu fiye da bakinsu, su tashi da labarin cewa kakansu wani tsoho ne mai yawan zargi da ya mutu yana gaba da amininsa. Haka na ji ana faɗa ƙasa-ƙasa a wurin zaman makoki, kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Mun jera kujeru a layinmu na Sharafiyya, aka ja fitilu, kamar yadda ake yi a Jidda, daga magariba zuwa isha'i har kwana uku. Mu dangi muna tsaye a sahu, masu ta'aziyya suna wucewa suna dafa mana kafaɗa. Mutanenmu na Sudan suka zo da manyan rawunansu suna cewa an yi rashin makaniki. 'Yan tsohuwar unguwar Balad da aka haifa a nan suka yi gaisuwa rabi Hausa rabi Larabci. Wani ɗan Nijar ya yi kuka har sai da aka janye shi gefe, zan faɗi dalilinsa in na zo wurin. Amma duk wanda ya karɓi gahawarsa ya zauna, sai ka ga idonsa ya zame zuwa ƙarshen layi, inda surukina yake zaune shi kaɗai a kujerar baƙi yana jan carbi.

Surukina, wato mahaifin matata, aminin Kawu ne tun suna samari. Jirgin ruwa ɗaya ya tsallako da su daga Bor Sudan, kuma a bene ɗaya suka tsufa, Kawu a ƙasa, shi a samansa. Da bara Kawu ya rasu, shi ne zai yi masa wanka, shi ne kuma zai tsaya a farkon sahunmu. Amma Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ke ce wa mahaifinsa Abuya, ya tare ni a bakin ƙofa tun daren farko ya ce, "Wallahi ba zai tsaya a cikinmu ba. Abuya ya tafi da baƙin cikinsa a zuciya. Halas, magana ta ƙare."

Maganar ta kai kunnen matata. Ta ƙi cin abinci, ta ce in har aka tashi daga zaman makoki ba a shigar da mahaifinta sahun dangi ba, to an tabbatar wa duk unguwa cewa mai laifi ne, kuma ita ba ta da sauran fuskar da za ta shiga cikin matan gidan Kawu. Ni kuwa Kawu ne ya raine ni tun rasuwar mahaifiyata, shi ya koya mini sana'ar gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da muke ci da ita, shi ya kuma nema mini wannan aure da bakinsa. Ga gidan da na tashi, ga gidan da na kafa, kuma abin da ya raba su wani ɗan jirgin ƙasa ne da bai fi tsawon hannuna ba.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a gidan gyaran jiragen ƙasa na Atbara a Sudan, lokacin da har yanzu ake da masu tafiya da wuta da tururi. Ya zo Jidda ya tarar babu dogo babu usur, ya koma mukayyif, amma kunnensa bai bar can ba. Wata Juma'a a kasuwar gwanjo ya ga kan jirgi na tagulla a cikin tarin tarkace, ya lanƙwashe, ya yi kore da tsatsa. Ba irin na yara ba ne mai batir. Na gaske ne aka ƙanƙanta: tukunyar ruwa, murhu mai lagwani da ke ci da man sibirto, fistin, bawul, har da ɗan agogon da ke nuna ƙarfin tururi. Ya kawo shi gida a rungume, ya shafe watanni yana tayar da shi, ya sa masa suna Auta. Saman bene kuma suka raba shi biyu da surukina, rabi na tattabarunsa, rabi na dogon da Kawu ya shimfiɗa a kan katako. Kowace Juma'a bayan la'asar Auta zai yi ta zagaye yana huci, surukina yana ƙorafin cewa wari yana hana tattabarunsa ƙwai, Kawu yana rama masa da cewa kashinsu yana cinye masa dogo, suna shan shayi a buta ɗaya.

Maganar zargi kuwa, ba ƙarya aka yi masa ba. Ban taɓa ganin mai zargi kamar Kawu ba. In mai gida ya ce mukayyif haka kawai ya tsaya, sai Kawu ya dube ni ta gefen ido, in mun fito ya ce inji ba ya ƙarya, mai injin ne dai ba a shaidarsa. Yakan shinshina waya kafin ya taɓa ta. Yakan girgiza sabon kaya a kunnensa a gaban mai shago, har na riƙa jin kunya. Ko dabino aka ba shi sai ya tsaga ya leƙa ciki, ko da kuwa daga hannun Inna matarsa ya fito, wadda ta yi shekaru tana ce masa da tana da niyyar kashe shi ai da tuni an wuce wurin.

Sai dai zarginsa yana da tsari, kuma wannan ne mutane ba su sani ba. In Auta ya yi gardama, Kawu ba ya ɗaukar sifana tukuna. Ruwa yake fara tuhuma. In ruwa ya fita, sai wuta: ko lagwani ya ƙone, ko sibirto ya sha iska. Daga nan mai, daga nan dogo. Mutum shi ne na ƙarshe, kuma yakan ce wanda ya fara da mutum rago ne da ba ya son buɗe inji. Ruwa yake ba wa muhimmanci fiye da komai, don ruwan famfon Jidda yana barin farin gishiri a ƙasan buta, balle a cikin bututun da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba. Shi ya sa Auta bai taɓa shan ruwan famfo ba. Kawu ya ja tiyo daga bayan mukayyif ɗin ɗakin saman bene zuwa wata jarka, ruwan da ke ɗiga daga nan, wanda ba shi da gishiri ko kaɗan, shi kaɗai ake zuba masa. Duk da haka bai yarda da jarkar ba. Kafin ya zuba sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

Wannan tsari ne ya ceci ɗan Nijar ɗin da ya yi kuka. Sabon zuwa ne a lokacin, yana gadi a wani gida a unguwar Bani Malik, injin jan ruwan gidan ya riƙa mutuwa, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce shi ke wasa da shi, zai mayar da shi ƙasarsu. Aka kira mu don mu tabbatar. Kawu bai ko dubi mutumin ba. Ya kwanta rub da ciki a kan siminti mai zafi, da furfurarsa da komai, yana bin waya taku-taku, har ya zaƙulo mataccen ƙadangare a cikin akwatin wuta. Ya ɗaga shi ta wutsiya ya miƙa wa kafilin, ya ce ga wanda za a soke wa iƙama, takardar zama a ƙasa. Bai karɓi ladan aikin ba, kuma a hanya ya yi mini faɗa don na yi dariya a gaban mai gida.

Ciwo ya kama Kawu bara, irin wanda likita ke kiran 'ya'ya gefe ya yi musu magana a hankali. Aka fara masa ƙarin ruwan asibiti, ya rame, amma bai bar hawa saman bene ba. Ba a jima ba Auta ma ya fara nasa ciwon. Maimakon busasshen tururi sai ya riƙa tofar da ruwa ta bututun hayaƙi. Bawul ɗin da ke rage ƙarfi ya riƙa yoyo, allurar agogo ta ƙi hawa, in ya zo kwana sai ya tsaya cik yana nishi. Kawu ya bi tsarinsa. Ina tsaye ya ɗanɗana ruwan jarka ya ce lafiya lau. Ya canza lagwani, ya sa na sayo sabon sibirto, ya wanke mai ya zuba sabo, ya goge dogo da hannunsa. Duk a banza. Ranar da ya kwance bawul ya karkaɗe shi a tafin hannunsa, sai ga wani farin gari mai tsakuwa-tsakuwa. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke gaban ɗakin tattabaru, inda surukina ke zuba musu dakakken ɓawon kifin teku, fari tas. A cikin akwatin Auta kuma akwai gashin tattabara guda.

Kawu da surukina ne kaɗai ke riƙe da makullin saman bene, in ban da wanda ke rataye a ɗakin girkin Inna don shanya. A gaban maƙwabta Kawu ya faɗa wa surukina cewa shi ya zuba wa Auta garin. Ya ce ya ga ya kusa mutuwa shi ne yake gaggawar gaje filin, ya jira mana a ɗauke gawa tukuna. Surukina bai ce uffan ba. Ya kwashe kofinsa ya sauka, kuma wannan shirun ne ya ƙara tabbatar wa kowa. Mata suka ce ai mai gaskiya rantsuwa yake yi. Wasu suka ce hassada ce ta shekaru, wasu suka ce ba yin kansa ba ne, hannu aka sa musu. Har aka kai ga in tattabara ta sauka a tagar Kawu sai Yaya ya kore ta da tsawa. Da Kawu ya kwanta a asibiti surukina ya je sau da yawa, ya tsaya a bakin ƙofa, ba a ce masa ya shigo ba.

Da safiyar rana ta uku ta zaman makoki na ɗauki makulli na hau saman bene. Ban san abin da zan tarar ba. In binciken ya nuna surukina ne, to da hannuna na rushe gidana. Amma ba ni da wata hanya, kuma Kawu bai koya mini wata ba. Na zauna inda yake zama, na fara daga inda yake farawa. Na buɗe jarka, na tsoma yatsa, na kai baki.

Ban buƙaci ɗanɗanawa ta biyu ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan ɗanɗano mai ɗan nauyi a harshe tun kafin ya san haruffa. Zamzam ne, gauraye da ruwan mukayyif. Na zauna ina kallon jarkar, sai na tuna yadda Kawu ya riƙa ture abinci a watannin nan yana cewa Inna ta daina sa gishiri, yadda ya ce shayi ya koma ruwan zafi. Maganin asibiti ya kashe masa harshe, shi kuma bai sani ba. Ya tambayi shaidan da ya fi yarda da shi a duniya, shaidan ya wanke ruwa, sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan mutum. Na haska cikin tukunyar ta ramin zuba ruwa, na ga farin gishiri ya lulluɓe bangonta kamar ƙasan tsohuwar buta. Zamzam ruwa ne mai albarka da aka yi domin cikin ɗan Adam, yana ɗauke da gishirin dutsen da ya fito, tukunyar tagulla kuwa ba ta san albarka ba.

Na sauka wurin Inna. Tana zaune a kan darduma cikin kayan takaba, idonta ya kumbura. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce na ga kamar jarkar Auta ba ta raguwa. Ba ta ɓoye ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce tun ranar da likita ya yi magana ta sa aka kawo mata zamzam, tana zuba masa a shayi, a ruwan wanka, a kunu, shi kuma yana turewa yana cewa ba ya jin sha.

Ta ce, "Sai na lura in ya kunna abin nan, yakan sunkuya ya yi ta shaƙar tururin kamar mai sirace. Na ce to, wanda ya ƙi sha da baki ai ya sha da hanci. Kullum in na idar da asuba sai na lallaɓa na ƙara a jarkar. Kada ka ga bai tashi ba, ɗana, ya samu sauƙin numfashi sosai."

Na ce mata haka ne, Inna, ya samu. Na fito da sauri kafin fuskata ta tona ni.

Na koma sama na cika tukunyar da ruwan khal mai ɗumi, ruwan tsamin nan da ke narkar da gishirin buta, na jiƙa bawul a kofi, na bar su suna tsatsafa. Na tari sabon ruwa daga mukayyif ɗin ɗakina. Bayan azahar na kira Yaya. Na nuna masa cikin tukunyar, na ce wannan garin ba zuba shi aka yi ba, a ciki ya tsiro, daga ruwa. Ya ce ai ga shi nan, tsohon ne ya zuba ruwan famfo a jarka, wa kuma zai yi in ba shi ba. Na san haka zai ce, jinin Kawu ne. Ban yi musu da shi ba. Na ɗebo ruwan jarkar a murfi na miƙa masa.

Ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ga idonsa ya tafi ƙofar matattakala ya dawo. Shi da kansa ya riƙa ɗauko mata galan-galan ɗin zamzam daga Makka a bayan motarsa. Ya zauna daɓas a kan siminti, babban mutum mai gemu, ya ce, "Ummi."  Mun daɗe a haka, tattabaru suna ta gurnani a bayanmu. Daga baya ya ce kada ta ji, ko bayan ransa. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya sauka hawa ɗaya, na ji yana ƙwanƙwasa ƙofar surukina.

Da la'asar mu uku muna saman bene. Na ɗauraye tukunya, na mayar da bawul, na zuba sabon ruwa, na kunna lagwani. Surukina yana zaune nesa kaɗan, a kan bokitin da ya saba zama, bai tambayi komai ba. Allura ta fara motsi, ta hau, ta wuce inda ta saba maƙalewa. Na buɗe masa hanya. Auta ya yi tari sau ɗaya, ya ja, ya shiga kwana ya fita ba tare da ya tsaya ba, tururinsa fari busasshe. Yaya ya ja ɗan usur ɗin da yatsa yana share hawaye da gefen hannu.

Usur ɗin ne ya hawo da Inna. Ta tsaya a bakin ƙofar matattakala cikin lulluɓi, tana haki, da 'yar gora a hannunta. Ta kalli jirgin yana zagaye, ta ce ashe ya warke, Allah Sarki, mai shi bai gani ba. Sannan ta miƙo mini gorar ta ce in ƙara masa, ya kwana biyu bai samu ba. Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Na karɓi gorar na tsaya riƙe da ita.

Surukina ne ya miƙe, da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya ce, "Hajiya, Auta ya ƙoshi. Ni ne mai ƙishi, a miƙo mini." Ya karɓa daga hannuna, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla ya shanye, sannan ya ɗaga hannu ya roƙa wa amininsa gafara da sunan da suke kiran juna tun a Sudan. Inna ta ce amin, ta ce gobe ma za ta aiko masa da wani, ta juya ta sauka a hankali.

Da ƙarar takalminta ta ɓace na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ashe ka sani."

Ya ce tun ranar farko. Yana cikin ɗakin tattabaru da asuba yana zuba musu hatsi ya gan ta, kuma wanda ya yi shekaru yana jin wa'azin Kawu a kan ruwa ba ya buƙatar a gaya masa abin da zai biyo baya. Na ce to me ya hana shi magana, ya bari aka ci mutuncinsa a gaban unguwa, ya bari amininsa ya tafi yana fushi da shi?

Ya juya gorar a hannunsa ya ce, "Likita ya ce babu abin yi. Ni ba ni da abin yi, kai ba ka da shi. Ita kaɗai ta rage tana da abin da take yi masa kowace safiya. In na faɗa, ka san halinsa, zai yi mata tsawa, daga baya kuma ya kwana yana cizon yatsa. Gara ya yi fushi da ni. Ni na saba da fushinsa tun a jirgin ruwa."

Da magariba ta yi, Yaya ya riƙo hannunsa ya kawo shi farkon sahu, ya tsaya a bayansa. Masu ta'aziyya suka riƙa zuwa suna turus, suna duban juna, sannan su dafa kafaɗar tsohon. Wasu sun tambaye ni a gefe me ya faru, na ce musu gishiri ne ya taru a tukunya, ba hannun kowa. Ban ga alamar duka sun yarda ba, mutanenmu ne. Matata dai ta ci abinci a daren.

Kawu bai fara da mutum ba, ko a wannan karon. Ya bi ruwa, ya bi wuta, ya bi mai, ya bi dogo, kamar yadda ya koya mini, harshensa ne ya riga shi mutuwa. Wannan nake so jikokinsa su sani in sun iya karanta Hausa, bayan Inna ta cika nata kwanakin, don kafin nan takardar nan ba za ta fita daga hannuna ba. Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa, Ka yafe masa abin da bai sani ba kamar yadda amininsa ya yafe masa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka shayar da shi daga ruwan da ba sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ba.